Audi Maigoro da Baƙin Gilashi

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Audi Maigoro a kasuwar Daura zai gaya maka abu ɗaya: hannun mutumin nan ba ya bushewa. Rani da damina, ka miƙa masa hannu sai ka ji sanyi-sanyi, kamar yanzu ya tashi daga alwala. Abokan wasansa har tsokanarsa suke yi, wai ranar da ya mutu ba sai an wahalar da masu wanka ba, tun yana da rai ya riga ya jiƙa kansa. Shi dai sai ya yi dariya ya goge tafin a gefen riga. Ni kuwa tun abin da ya faru a bazarar bara, ban ƙara jin wannan wasa ya ba ni dariya ba.

A wani ƙauye kusa da Sandamu aka haife shi, a gidan fataken goro. Ubansa yana zuwa Kurmi tun ana kwana uku a hanya, shi kuma ya buɗe ido ya ga huhun goro jingine a zaure, ƙamshin ganyen fita ya cika gidan. Bai yi boko ba, allo ma bai yi nisa ba, amma goro kam ya karanta shi har ya sauke. Zai ɗaga ƙwaya ɗaya ya jinjina a hannu ya ce maka wannan daushe ne, wancan sabon shigowa ne, wannan kuma nan da kwana huɗu sankara za ta fito masa a gefe. Ka ajiye ka ƙirga kwanakin, wallahi sai ta fito.

Goro abu ne mai shagwaɓa. In ya sha iska da yawa ya bushe ya yi tauri, in ya sha ruwa da yawa ya ruɓe, in aka rufe shi ruf cikin zafi ya dahu a cikin huhunsa. Saboda haka aikin mai goro na gaske ba sayarwa ba ne, raino ne. Kullum da safe Audi zai kwance huhu, ya tsince, ya fitar da mai tabo, ya sauya ganye, ya tsoma yatsu a ƙwarya ya yarfa ruwa kaɗan, kaɗan ƙwarai, sannan ya mayar ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ya kan ce wa masu koyo a wurinsa, “Ruwa daban, danshi daban. Wawa ne ke zuba wa goro ruwa. Danshi ake ba shi, a bar masa wurin numfashi.”

Kuma yana da hujjar cika baki. Wata shekara motar da ta ɗauko kayansu daga Kurmi ta lalace a daji, kwana tara ana jiran a kawo ƙarfen gyara. Sauran fatake suka zauna a inuwa suna salati. Audi ya sauke nasa huhunan ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa tafiya rafi da tulu a ka, yana kwancewa yana yayyafi yana mayarwa, safe da yamma. Da aka iso Kano aka buɗe, kayan kowa sun dahu sun yi baƙi, nasa kuwa kamar ranar aka tsinko su. Daga Baure har Mai'aduwa aka riƙa ba da labarin. Tun daga nan ya zauna a kan cewa babu wani abu mai daraja a duniya da zafi zai kashe a hannunsa. Shekara arba'in da wani abu, ba a taɓa ƙaryata shi ba, kuma da ma an ƙaryata shi ko sau ɗaya ne.

'Ya'yansa da matarsa Yelwa bakwai ne, amma ta ƙarshen, Raihana, ita ce ta zauna masa a zuciya. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kama sunanta, Uwata yake ce mata. Tun tana firamare ba a ajiye fitilar sola a gabanta, sai ta kwance ta ta ga abin da ke ciki. Yelwa ta yi faɗa har ta gaji. Audi kuwa sai ya sayo wata, ya ce a bar masa uwarsa ta yi bincikenta. Haka ta bi makaranta bayan makaranta, har ta kai matakin da in an gama shi ake kiran mutum dakta ba tare da ya taɓa yi wa kowa allura ba.

Abin da take bincike a kai, ni ma sai da ta maimaita mini sau biyu. Taurarin ɗan'adam da ke yawo a sama, waɗanda ke kawo mana waya da talabijin, da hasken rana suke aiki, kamar farantan solar da ke kan rijiyoyin burtsatse. To a can sama rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, suna huda faranti kamar allura, a hankali har ya mutu. Raihana tana haɗa wani sinadari da suke kira ferofiskayit, a shafa shi siriri a kan gilashi, ya yi baƙi wuluk. Shi wannan, ƙwayoyin suna huda shi amma ba sa kashe shi. Abin mamakin ma, in aka ajiye shi a duhu ya huta, da kansa yake warkewa. Sai dai fa yana da maƙiyi ɗaya, wanda babu shi a can sama amma ya cika ƙasa: danshi. Numfashin mutum ma in ya daɗe a kansa yana yi masa illa, daga baƙi ya koma rawaya, shi ke nan an gama.

Shekara huɗu ta yi a kan aikin. Guda shida ta haɗa, aka aika da su ƙasar waje, inda ake da injin da ke harbin gilashi da irin ƙwayoyin sama. Shekara biyu ta jira layi kafin a sa nata a injin. Biyar suka lalace a hanya da wurin gwaji, ɗaya ya dawo mata da rai. Sharaɗin shi ne ya huta kwana casa'in a rufe, sannan ta kai shi can da hannunta a auna a ga ko ya warke. In ya warke, ta gama digirinta, kuma masu injin sun yi mata alkawarin wurin aiki a ɗakin bincikensu. In babu gilashin, babu komai, sai dai ta koma ƙarshen layi.

Sai jami'arsu ta shiga yajin aiki, aka garƙame ɗakin bincike, ba wuta ba kowa. Ta ɗauko kayanta ta taho gida Daura. Ana saura kwana takwas casa'in ɗin su cika, aka kira ta Abuja ganawar biza. Ta ce ba za ta bi doguwar hanya da gilashin ba, a tsayar da mota a shinge wani ya ce sai an buɗe ya gani. Ranar Litinin da safe ta sami babanta a zaure, ta durƙusa ta ajiye masa wani ɗan akwati, bai fi gwangwanin madara biyu ba, da murfin gilashi da maɗaurai huɗu. A ciki ga wani baƙin abu kwance, faɗinsa kamar kwalin ashana, a gefe kuma ga ɗigo shuɗi a jikin wata 'yar takarda.

“Baba, amanar ke nan,” in ji ta. “A inuwa, a duhu. Kada zafi ya dame shi, kada ruwa ya taɓa shi, kuma don Allah kada a buɗe. Ka ga ɗigon nan? Muddin shuɗi ne, lafiya lau. In ya fara komawa ruwan hoda, ka kira ni nan take.”

Audi ya ɗaga akwatin ya jinjina, yadda yake yi wa goro. “Wannan ɗan abin ne wutar sama ta kasa?”

“Shi ne, Baba. Yanzu ma jinya yake yi, yana warkar da kansa.”

“Ikon Allah! Ashe mai rai ne.”

Ta yi dariya. “Kusan haka.”

“To je ki, Uwata. Wanda ya raini goro kwana tara a daji, ɗan gilashi ne zai gagare shi kwana biyar a ɗaka?”

Ta tafi tana dariya, ranta kwance. Don me ba zai kwanta ba? A duk Daura babu wanda ya fi shi riƙon amana, kuma wannan gaskiya ce.

Bazarar bara kuwa, wanda ya gani ya sani. Iska ta tsaya cik, hadari ya haɗu a gabas da la'asar ya watse ba ɗigo, kwanon rufi yana ƙara kamar ana taka shi. Audi ya tura akwatin ƙarƙashin gadonsa ya tafi kasuwa, amma hankalinsa bai bi shi ba. Kafin azahar ya rufe rumfa ya dawo. Ya sa hannu ya jawo akwatin, ya ji shi da ɗumi kamar kwanon tuwo. Ya canza masa wuri, ya kai shi bayan randa, inda ƙasa ke da sanyi.

Ranar Talata bai fita ba sam. Ya jiƙa buhu, ya matse shi sosai, ya lulluɓe akwatin. Yelwa ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu.

“Malam, ba yarinyar nan ta ce ban da ruwa ba?”

“Ruwa kika gani? Buhu ne, kuma akwatin a rufe yake.”

Gaskiyarsa, a rufe yake, kuma ɗigon yana nan shuɗi. Da a nan ya tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma yini guda yana zaune a gaban randa yana ɗaga buhu yana leƙawa, kuma duk leƙawar abu ɗaya ke cin sa. Akwatin ba shi da ko hudar allura. An danne murfin da roba, an ɗaure ta kusurwa huɗu. Shi a saninsa, duk abin da aka yi wa irin wannan rufi cikin irin wannan zafi, dahuwa yake yi. Ya ga haka da idonsa a motar Kurmi. Kuma ita da bakinta ta ce abin jinya yake yi. Wane majinyaci ne ake toshe wa ƙofa da taga?

Ya ɗauki waya zai kira ta ya tambaya, ya ajiye. Yarinya tana can tana shirin tsayawa gaban Turawa, ya ɗaga mata hankali? Ban da haka, ni na san shi, akwai ɗan girman kai a ciki. 'Yan boko sun san sama, ya yarda. Amma zafin Daura da yadda ake lallaɓa abu ya tsallake shi, wannan fagensa ne, ba ya neman fatawa a wurin 'yar da ya haifa.

Ranar Laraba zafin ya wuce na jiya. Bayan azahar Yelwa ta shiga maƙwabta barka, gidan ya yi tsit. Audi ya kwance huhun marsa, manyan goron da yake ajiye wa ɗaurin aure, ya zaɓi ganyen fita mafi laushi, wanda babu huda babu tabo. Ya wanke hannu. Ya tsoma yatsu uku a ƙwarya ya yarfa wa ganyen, ya girgiza shi har babu ɗigon da ke gudu a kai. Ya yi bisimilla, ya ɓalle maɗauran ɗaya bayan ɗaya. Da murfin ya ɗaga sai ya ji wani ɗan huci, fus, ya gyaɗa kai.

“Ka ji ko? Da ma ya matsu,” ya faɗa shi kaɗai.

Bai taɓa gilashin ba, Allah ya sani. Ya bar shi ya sha iska kamar minti goma, yana yi masa fifita a hankali. Ya ga wasu 'yan ƙunshin farar takarda a ciki masu tsakuwoyi, irin na kwalin sabon takalmi, ya ce waɗannan su ke ƙara masa bushewa, ya fitar da su ya ajiye a gefe. Sannan ya naɗe ganyen ya kewaye gilashin da shi, yadda ba za su haɗu ba, ya mayar da murfi ya ɗaure. Ranar ya ci tuwo da yawa, har Yelwa ta tambaye shi ko wani albishir aka yi masa.

Da safiyar Alhamis, bayan ya dawo daga masallaci gari ya yi haske, ya ɗaga buhu. Murfin ya yi gumi ta ciki. Ɗigon nan ya koma ruwan hoda, babu ko alamar shuɗi. A kusurwar baƙin gilashin kuma ga wani ɗan tabo rawaya, bai kai ƙwayar gero ba.

Audi bai san ferofiskayit ba, amma ya san tabo. Shekara arba'in yana kallon yadda tabo ke farawa a gefe, ƙarami, kamar ba komai. Nan take ya buɗe akwatin ya zare ganyen, ya mayar da 'yan ƙunshin takardar, ya rufe, ya jefar da buhun can tsakar gida. Da ya juyo, Yelwa tana tsaye a bayansa. Ta dubi ganyen da ke hannunsa, ta dubi akwatin.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, buɗewa ka yi?”

“Danshi kawai na ba shi.”

“Danshi! Ta ce maka goro ta kawo maka?”

Sai wayarsa ta fara ƙara a aljihu. Raihana ce. Muryarta a sama, ana jin hayaniyar motoci a bayanta. Ta ce tana bakin ofishin jakadanci, yanzu za su karɓe wayoyi, ta kira ne ya sa mata albarka.

“Allah ya yi miki albarka, Uwata. Allah ya ba ki sa'a.”

“Amin, Baba. Ya majinyacina? Ɗigon yana nan shuɗi?”

Yelwa ta kafe shi da ido. Audi, wanda bai taɓa cusa wa mai saye ruɓaɓɓen goro a ƙasan ƙwarya ba, ya ce, “Yana nan. Shiga ki yi abin da ya kai ki.”

Yelwa ta juya ta shiga ɗaki, ya ji tana kuka ƙasa-ƙasa.

Yinin nan bai ci ba bai sha ba. Ya zauna a gaban akwatin yana kallo, kamar kallon zai tsayar da abin. In goro ne, ya san abin yi: ya sa wuƙa ya yanke wurin, ya ceci saura. Wannan kuwa ina zai yanka? Kafin azahar tabon ya kai ƙwayar wake. Da la'asar wani ya fito a ɗaya kusurwar. Ya yi alwala ya yi nafila, ya roƙi Allah, tun da an ce abin yana warkar da kansa, to ya warke mana. Ya dawo ya leƙa, rawayar ta ƙara ci. Da yamma saƙo ya shigo wayar Yelwa, wata jikarsu ta karanta musu: an ba Raihana biza, gobe tana hanya.

Ranar Juma'a hadari ya haɗu tun hantsi, baƙi ƙirin, ya tsaya a gabas bai zubo ba. Audi ya je masallaci ya dawo, bai tsaya gaisawa da kowa ba. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ajiye akwatin a gabansa, ya ajiye ganyen a gefensa. Yelwa ta ce ya bari yarinya ta sha ruwa ta huta tukuna. Ya ce a'a, ƙarya ɗaya ta ishe shi.

Bayan la'asar ɗan acaɓa ya sauke ta. Ta shigo da sallama tana ɗaga fasfo sama, fuskarta kamar ta yarinyar da ke kwance fitila.

“Baba, ga shi! Shekara uku suka…”

Sai idonta ya sauka a kan tabarma. Ta durƙusa a hankali. Ta ajiye fasfon, ta jawo akwatin, ta duba ta murfi. Babu sauran baƙi a ciki sai wani ɗan layi a tsakiya, duk ya zama rawaya kamar an shafa masa gangamau. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

“Ni na buɗe,” in ji Audi. “Ranar Laraba. Na ga zafi ya yi yawa, na ji tsoro kada ya dahu. Jiya da kika tambaye ni, ƙarya na yi miki.”

Ta ɗauki ganyen. Ya fara yaushi, amma har yanzu da alamar naɗin da ya yi masa. Ita ma 'yar gidan goro ce, ta san ganye. Ta shimfiɗa shi a gwiwarta tana shafawa da yatsa.

“Na huhun marsa ne wannan,” ta ce.

“Shi ne mafi kyau da nake da shi.”

“Na sani, Baba.”

A nan muryarta ta karye. Ta kifa kai a gwiwa tana kuka, irin kukan da ba ya fita da ƙarfi, kafaɗu kawai ke motsi. Audi ya ji kamar a tsaga ƙasa ya shige. Ya miƙa hannu zai dafa kanta, yadda ya saba tun tana jaririya, sai ya ga tafinsa, da ɗan sanyin nan nasa na kullum. Ya janye hannun ya goge a riga, ya sake gogewa, ya ajiye shi a cinya.

“Ba za a iya sake wani ba, Uwata?”

Ta ɗago, ido jawur. “Za a iya. Shekara biyu a haɗa, shekara biyu a jira layi. In sun yarda su jira ni.”

Ba su jira ba. Ta rubuta musu gaskiyar abin da ya faru, suka amsa da ban haƙuri mai kyau, suka ba wani wurin. Yanzu tana koyar da kimiyya a wata sakandare ta hanyar Mashi, ta kuma fara haɗa wasu shida daga farko, tana zuwa jami'a duk ƙarshen wata. Ba ta taɓa ɗaga wa babanta maganar ba, kullum ta zo sai ta durƙusa ta gaishe shi kamar da. Shi ne dai bai yafe wa kansa ba.

Yana nan a rumfarsa, kuna iya zuwa ku gani. Yana tsince goro, yana sauya ganye, domin da shi ake ci a gidan. Amma labarin motar Kurmi ya mutu a bakinsa, in wani ya ɗauko shi ma sai ya tashi ya ce zai je alwala. Rannan na je sayen goron suna, na miƙa masa hannu mu gaisa. Sai da ya goge tafinsa a riga sau biyu kafin ya ba ni.